Ƙashin da Na Haɗa da Hannuna

Masu karatu, na ga saƙonninku, na kuma ga zagin. Wata ta ce ba ni da imani. Wata ta ce boko ya cinye min zuciya. Wani kuma cewa ya yi da shi ne Owiti, da tuni ya canza lambar waya. Na gode. Ku matso in gaya muku abin da ya faru makon jiya, in kun gama ji sai ku ƙarasa zagin, in da saura.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Aluoch. Asalinmu Alego, amma a Kisumu na tashi. Ina karatun digiri na uku, aikina kuwa haɗa ƙashi. E, ƙashi dai da kuka sani.

Ƙashin mutum ba dutse ba ne zalla. Abu biyu Allah ya cuɗa, wani farin gari mai tauri da wani zare mai danƙo da ke hana shi ɓallewa, kamar yadda kakata ke cuɗa laka da ciyawa in za ta yaɓe ɗaki. To mu kwaikwayo muke yi. Sai in je kwata in kwaso ƙasusuwan shanu, in ƙone su a tanderu har su yi fari fat, in niƙe. In je inda ake feɗe giwan ruwa in roƙo fatar da za su zubar, in tatso danƙon cikinta. In haɗa biyun, in daskarar, in busar, sai abin ya fito kamar cikin burodi, fari mai ƙananan ramuka. Burinmu shi ne in an cusa shi inda ƙashi ya yi giɓi, jini ya bi ramukan, ƙashin mutum ya riƙa hawa kansa yana cinye shi a hankali har giɓin ya cike.

Buri na ce. Ban ce an kai ba.

Owiti kuwa shi ne mutumin da zan aura. Aikinsa auna filaye, mutum ne da ko a coci ba ya iya zama wuri ɗaya. Dogo ne, ga wushirya, in ana biki shi ake fara nema a filin rawa. Har an sa ranar ayie, ranar da danginsa za su zo neman yardar Mama, sai taraktar rake ta banke boda, wato babur ɗin hayar da yake kai, a hanyar Ahero. Ƙwaurinsa na hagu ya farfashe, ciwon ya yi ruwa, likitoci suka cire ƙashin da ya ruɓe, suka bar giɓi mai tsawon yatsana. An ɗebo ƙashi daga ƙugunsa an dasa, bai kama ba. Yanzu ƙafar tana cikin wasu ƙarafa da suka huda fata suka zagaye ta kamar kejin kaji. Likitansa na babban asibiti ya ba shi zaɓi biyu. Ko a sake tiyata a riƙa jawo ƙashin kaɗan-kaɗan na wata da watanni, shi ma ba tabbas, ko kuma a yanke daga ƙasan gwiwa.

Ana wata ga wata. A bikin baje kolin jami'a wani ɗan jarida ya tsaya a teburina. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Na ce a jikin zomaye kawai muka gwada, na ce wasu sun warke wasu sun kumbura sun mutu, na ce da sauran shekaru kafin a je ga mutum. Duk ya datse. Abin da ya bari shi ne ni cikin farar riga ina washe baki, da zomo ɗaya yana tsalle, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: 'YAR KISUMU TA ƘERA SABON ƘASHI DA FATAR KIFI.

Kun san wa ta fi kowa yaɗa shi? Uwar da ta haife ni. Babu zauren matan cocin da ba ta tura wa ba.

Ranar Lahadi, da aka tashi daga coci, na wuce Nyalenda gidan su Owiti. Na saka doguwar rigata ta atamfar kitenge mai ruwan toka, wadda ya ce tana sa in yi kama da shugabar makaranta, na ɗaure kitsona a baya, na riƙo masa abarba. Tun daga ƙofa na san da magana. An cire ledar kan kujeru, an shimfiɗa farin saƙin nan da ba a fito da shi sai da baƙi, an goge hoton marigayi babansa har yana ƙyalli. Min Owiti, wato mahaifiyarsa, tana zaune da rigar ƙungiyar mata da farin ɗankwali, ba ta ma cire takalmi ba.

"Matarmu ta iso," in ji Apondi, ƙanwarsa, mai shagon gyaran gashi a Kondele. Ta karɓi abarbar tana kallon kaina. "Wa ya yi miki wannan kitson? Ki gaya min in je in yi masa gaisuwar rashin hannu."

"Ke dai kin fi son in zo ki ƙona min kunne."

Owiti yana kwance a doguwar kujera, an ɗora ƙafar kan filo biyu, an yafa mata zanen leso. Duk wandunansa an farke musu ƙafar hagu an saka maɓallai. Ya rame, sai idanu. Amma da ya gan ni sai wushiryar ta fito.

"Nyar Alego," ya ce. Haka yake kirana, 'yar Alego. "Kin zo duba kazarki?"

"Na zo in ga ko ta yi ƙwai."

Ya yi dariya, dariyar ta girgiza ƙarafan, ya cije leɓe.

Aka kawo ugali, tuwon masararmu, da soyayyar karfasa da ganye. Min Owiti da kanta ta zuba min ruwan wanke hannu, ta ɗauko kan kifin ta saka a farantina. Wannan matar ba ta ba da kan kifi a banza.

Sai da na kai loma ta biyu ta gyara murya.

"'Yata, ina da tambaya. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, ki yi min a hankali."

"To, Mama."

"Zomon nan da na gani a waya, ɗan uban wa ne?"

Apondi ta ƙyalƙyale da dariya. Ni ban yi ba.

"Ina nufin, yana da uwa a Nyalenda? An sa masa ranar aure? Don na ga yana tsalle, nawa ɗan kuma ga shi nan, sai an riƙe shi zai je bayan gida."

"Mama, abin bai kai a saka wa mutum ba. Zomo nawa ne nauyinsa? Abin nan in kika matsa shi da babban yatsa murmushewa yake. Kuma akwai waɗanda ya kumbura musu..."

"Akwai waɗanda ya warkar?"

"Akwai, amma..."

"To mun gode Allah, ki bar amma ɗin a faranti tare da ƙaya."

Na ajiye lomar. Na fara bayanin tumaki, cewa bayan zomo sai an gwada a jikin dabba mai nauyi, sai hukuma ta duba, sai an sami izini. Ina magana ina jin muryata tana komawa ta aji, irin wadda nake karantar da 'yan shekarar farko da ita. Na tsani wannan muryar, amma ba ni da wata.

"Tumaki," Min Owiti ta maimaita, tana kallon hoton mijinta kamar da shi take. "Ka ji ko? Bayan zomo sai tunkiya. Bayan tunkiya ƙila jaki. Ɗanka yana layi a bayan jaki."

"Mama, ki bar ta ta ci abinci," in ji Owiti.

"Na hana ta ci? Ni fa a coci yau mata uku suka tare ni suna taya ni murna, wai Allah ya ba ni suruka mai maganin ciwon ɗana. Me zan ce musu? In ce e, tana da shi, amma ta kulle a kabad?"

Na juya wajen Owiti ina jira ya ce wani abu. Shi ya san komai. Tun kafin hatsarin yake raka ni kwata, yana toshe hanci yana ɗaukar min buhun ƙashi. Shi na fara kira ranar da zomo na farko ya mutu. Amma sai ya tsura wa silin ido, ya ce a hankali:

"Ni dai da za a tambaye ni, na yarda a gwada."

"Owiti!"

"Magana ce kawai, nyar Alego. Ƙafar da za a yanke, mene ne a ciki in an yi gwaji da ita?"

"Ba ƙafar kaɗai ba ce. In ciwon ya shiga jini, kai za a rasa gaba ɗaya."

"In ya shiga."

Jama'a, kun taɓa jin kamar ku ɗauki faranti ku fasa a bango a gidan surukai? Na wanke hannuna, na ce ina da aiki. Ba wanda ya ce in ƙara zama.

Na ɗauka a gida zan huta. Ina shiga Mamboleo na tarar da Mama a baranda tana tsince wake, tabarau a kan hanci. Tsohuwar malamar firamare ce, har yau in ta kira sunanka sai ka ji kamar ka miƙe tsaye.

"Daga gidan marasa lafiya?"

"Mama, suna da suna."

"Na san sunansu. Zauna." Ta tura min tiren. "Farfesarku ta ce akwai gurbi a Afirka ta Kudu, inda za a yi gwajin tumakin. Kin ba ta amsa?"

"Ban ba ta ba."

"Me kike jira?"

"Kin san me nake jira."

Ta cire tabarau. "Aluoch, ba na ƙin yaron nan. Yana da ladabi. Amma ni na yi jinyar babanki, na san abin da ake nufi da juya ƙaton namiji a gado. Ban ce ki rabu da shi ba. Cewa na yi a ɗaga ayie. Ki tafi ki yi karatunki, in kin dawo mu ga da ƙafa nawa zai shigo gidan nan."

"Mama!"

"Ƙarya na yi? Kuma uwarsa tana yawo da sunanki a gari, wai kin hana magani."

"Wa ya tura mata bidiyon?"

Ta mayar da tabarau ta ci gaba da tsintar wake. "Alfahari da 'yata ba zunubi ba ne."

Kun gani ko? Can an ce ba na son shi tunda na ƙi saka masa. Nan an ce son shi ya yi min yawa tunda na ƙi tafiya. Gaba kura, baya sayaki. Na shige ɗaki na kwanta da rigata, wayata sai ƙara take. Ƙawar Mama daga Siaya, wai jikanta ya karye a hannu, ko zan aiko da ɗan kaɗan a leda. Wani da ban sani ba, wai yana gaishe da "likitar ƙashi". Na kife wayar.

Ranar Talata sai ga saƙon Apondi.

"Matarmu, ki yi haƙuri da Mama. Tsufa ne da tsoro. Ni ina so in gane abin da idona, sai in yi mata bayani da yarenta. In zo wajen aikinki?"

Na karanta har sau biyu. Hawaye ya kusa zubo min. A raina na ce, yauwa, Allah ya kawo mutum ɗaya mai kunne.

Ta zo da rana, cikin matsattsen wando da riga ja, ƙumbunanta dogaye masu ruwan gwal, da ƙatuwar jakarta da ba ta rabuwa da ita. Na ce wa maigadi ƙanwata ce. Na ba ta farar riga da safar hannu, ta tsaya tana ɗaukar kanta hoto.

"Kai, wurin nan warin kasuwar kifi yake. A nan kike wuni? Shi ya sa yayana ya ce in ya rungume ki sai ya ji yunwa."

Na nuna mata tanderu, na nuna mata garin ƙashi. Na ɗauko ɗan guntun soson na ce ta matsa. Ta matsa, ya murmushe a yatsunta. Na ce, "Kin gani? Yanzu ki tuna nauyin yayanki." Na kunna mata hotunan ƙashin zomaye. Na nuna mata wanda ya ruɓe, ta kawar da kai. Na nuna mata wanda ya cike sumul, sai ta matso har hancinta na taɓa gilashin.

"Wannan wanne aka saka masa?"

"Irin wancan," na ce, na nuna kwalaben da ke jere a kabad.

Ana haka wayata ta yi ƙara, mutumin kwata ne ya kawo min buhu yana jira a bakin ƙofa. Na ce mata ta zauna kada ta taɓa komai. Da na dawo tana zaune inda na bar ta, jaka a cinya, tana shafa jan baki. Ta rungume ni ta ce, "Yanzu na gane. Ki bar min Mama."

Ni Aluoch, mai digiri biyu da rabi, har bakin titi na raka ta, na tsayar mata da tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku.

Ranar Alhamis da safe ina cikin matatu, motar haya, za ni makaranta, na saka riga da siket na aiki da takalmin roba saboda ruwan da aka kwana ana yi, sai saƙo ya shigo. Owiti ne. Rabon da ya turo min saƙo mai tsawo tun kafin a sake masa tiyata.

"Nyar Alego, na gode. Apondi ta gaya min komai, ta ce kin ce kada in yi miki maganar don kada aikinki ya samu matsala, amma na kasa haƙuri. Na san ba za ki bar ni ba. Yau ne. Ki ajiye min rawar farko."

Na karanta. Na sake karantawa. Me na yi da ake gode min? Wane yau?

Sai jakar nan ta faɗo min a rai.

Na kira shi, a kashe. Na kira Apondi, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na buga jikin motar na ce a sauke ni, kwandastan yana cewa, "Anti, ai ba mu kai ba," na ce ya sauke ni ko in fita ta taga. Na tare boda zuwa Nyalenda. Ƙofarsu da kwaɗo. Maƙwabciyarsu tana shanya ta ce tun da sassafe mota ta zo ta ɗauke su.

"Ai na ɗauka kina tare da su," ta ce tana murmushi. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Min Owiti ta ce kin sauko."

"Ina suka tafi?"

"Wajen likitan nan mijin mai zuwa kitso wurin Apondi. Can Ahero, saman shagon tayoyi."

Ku sani, kwalaben da ke kabad ɗin nan ba na saka wa ko da zomo ba ne. Na gwajin ƙarfi ne, waɗanda muke matsewa a inji mu ga yaushe za su fashe. Ba a kashe musu ƙwayoyin cuta ba. Da hannu nake ɗaukar su. A saka wannan a cikin ƙashin da ya taɓa ruɓewa, gara a zuba masa ruwan kwata.

Ban san yadda muka isa Ahero ba. Na san dai duk taraktar raken da muka wuce sai na rufe ido, ɗan boda yana cewa in daina matse masa haƙarƙari.

Wurin bene ne mai matsattsiyar matakala. Yadda suka hau da shi, Allah kaɗai ya sani. Ina tura ƙofa na gan su. Min Owiti a benci da Littafi Mai Tsarki a cinya. Apondi a tsaye jikin taga. Owiti a kan gadon turawa, an saka masa koriyar riga mai ɗauri a baya, an aske gashin ƙafar, an maƙala masa ƙarin ruwa. A kan wani tire kusa da shi ga kwalbata, da rubutun hannuna a jiki.

Da ya gan ni fuskarsa ta haske gaba ɗaya. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin hatsari.

"Na ce musu za ki zo! Apondi ta ce ba za ki iya ba, na ce ba ku san ta ba. Zo ki riƙe min hannu, na rantse tsoro nake ji."

Masu karatu, da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na wuce hannun da ya miƙo min, na ɗauki kwalbar na rungume a ƙirji.

"Ban aiko da shi ba, Owiti."

Murmushin bai tafi nan take ba. Sai da ya kalli Apondi, ta sunkuyar da kai, sannan ya fara gushewa.

"Sata ta yi. Wannan ko wanke shi ba a yi ba. In aka saka maka, kafin Lahadi zazzaɓi zai kama ka, daga nan ba maganar ƙafa ake ba."

"Likita ya ce zai dafa shi," in ji Apondi da ƙarfi. "Yana da tukunyar da yake dafa kayan aiki!"

"In ya dafa, danƙon ya narke, ya zama kunu. Kunu za ku zuba masa a ƙafa?"

Wani mutum mai farar riga da agogon gwal ya leƙo daga ɗakin ciki, yana saka safar hannu. "Wace ce wannan take min ihu a asibiti?"

"Mai kayan ce. Ka gaya min sunanka da lambar lasisinka, ina so in rubuta."

Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ce bari ya ɗauko wani abu. Ya koma ciki ya rufe ƙofa, har da murza makulli.

Min Owiti ta miƙe. Na ɗauka marina za ta yi, na ma shirya. Sai kawai ta durƙusa. Tsohuwar nan, da farin ɗankwalinta, gwiwa biyu a kan simintin da ba a goge ba, ta kama gefen siket ɗina.

"Shi kaɗai ne namiji da ya rage min. Na roƙe ki. Ki gyara shi yadda ya kamata, ki wanke, ki yi duk abin da ake yi, ki kawo. Ba za mu gaya wa kowa ba. In ya mutu ni na kashe shi, ba ke ba."

"Mama, ki tashi, don Allah ki tashi..."

"Mama, tashi," in ji Owiti. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ta tashi. Ya juyo gare ni. "Aluoch."

Ba nyar Alego ba. Aluoch.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ban taɓa jin kin yi min ƙarya ba. Ba wannan na kwalbar ba, mai kyan, wanda aka wanke, irin wanda ya warkar. Da ƙafarki ce, an ce Litinin za a yanke, za ki saka ko ba za ki saka ba?"

Na buɗe baki in yi muryar aji. Ta ƙi fitowa. Ga amsar da ta dace a kan harshena, na san ta, na koyar da ita. Amma idonsa yana cikin nawa.

"Da na saka," na ce.

Apondi ta tafa hannu. "Kun ji ko!"

"Da na saka, don tawa ce, in na mutu ni na jawo. Amma ba zan iya haɗa abu da hannuna in saka maka, in zo in tsaya a bakin kabarinka ba. Ba zan iya ba, Owiti. Ka zo da ƙafa ɗaya, ka zo da sanda, ka zo a keke, ni zan buɗe maka ƙofa ko Mamata ba ta so."

Ruwan robar yana ɗiga.

"Kin ce don taki ce," ya ce. "To wannan tawa ce."

"Amma hannun nawa ne."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa iyakar fili. Sannan ya juyar da fuska bango.

"Apondi, zo ki cire min wannan allurar."

Na tsaya ko zai sake juyowa. Bai juyo ba. Min Owiti ta buɗe littafinta tana kallon shafi ɗaya. Na sauko matakalar nan da kwalba a ƙirji kamar wadda ta sato jariri.

A matatu na zauna kujerar baya, taɓo har gwiwa, wata mata da kwandon tumatir tana ta kallona. Mun kusa shiga gari wayar ta yi motsi, saƙon Owiti ne.

"Na kira likitana na babban asibiti. Na ce na gaji, ya yanke. Na kuma ce wa kawu ya dakata da maganar zuwa gidanku. Kada ki kira, ba zan iya jin muryarki yanzu ba."

Na rubuta, "Ka ba wa jan ƙashin dama tukuna." Na goge. Na rubuta, "Ina son ka." Na goge, don na san zai ce ina son yake. Ƙarshe ban tura komai ba.

Tunanina in lallaɓa in mayar da kwalbar wurinta kafin kowa ya lura, sannan in nemi lungu in yi kukana. Ina tura ƙofar ɗakin gwaji na ga kabad a buɗe. Farfesa Nekesa, wadda ke duba aikina, tana tsaye a gabansa da hannu a ƙugu, maigadi a bayanta yana murza hula. Matar nan ta taɓa korar ɗalibi saboda ya fita da farar riga zuwa wurin cin abinci.

Ta kalli taɓon ƙafata. Ta kalli abin da ke hannuna.

"Rufe ƙofar," ta ce.

Na rufe.

"Wata mata ta kira ofishin shugaban sashe ɗazu tana kuka, wai ɗalibarmu ta hana ɗanta magani a wani asibiti a Ahero. A asibiti, Aluoch. Kin san in maganar nan ta fita, ba ke kaɗai ba, duk ɗakin nan za a rufe, da aikin mutum shida." Ta zauna a kan doguwar kujerata, ta harɗe hannu. "Abu biyu ne. Ko ke kika fita da shi, yau ki ajiye min makulli da farar riga. Ko kuma wani ya ɗauka, ki ba ni sunansa, in kira 'yan sanda yanzu a gabanki."

Maigadi ya yi tari. "Farfesa, ai ranar Talata akwai wata mai jar riga, ta ce ƙanwar..."

"Ba kai na tambaya ba."

Ta zaro wayarta ta ajiye a kan tebur tsakaninmu, ta ɗora yatsa a kai.

"Ina jin ki, Aluoch. Wa ya ɗauka?"